An yi wa 'yata allurar ƙarambau, ga shi ya fito mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ina yi miki fatan alheri. Ni uwa ce mai 'ya'ya 4, muna zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Lokacin da 'yata ta biyu take da shekara ɗaya da wata 3 muna Abuja wurin aikin maigidana, sai wani asibitin kuɗi ya ba mu shawarar a yi mata allurar ƙarambau. Muka biya kuɗi masu yawa aka yi mata sau ɗaya. Yanzu shekararta 8. Watan jiya ƙarambau ya shiga islamiyyarsu, ita ma ya fito mata. Gaskiya bai yi yawa ba, na zauna na ƙirga ƙurajen ba su kai 30 ba, ko kwanciya ba ta yi ba. Bayan sati biyu ƙanenta mai shekara 5, wanda ba a yi wa allurar ba, ya kwanta. Shi kam ya sha wuya, har cikin baki da tsakar kai, kwana 3 ba ya iya cin tuwo. Surukata ta ce mun zubar da kuɗi, wai ƙarambau bashi ne, kowa sai ya biya. Maigidana kuma ya ce ƙarfin allurar ne ya ƙare a jikinta. Likita, allurar tana ƙarewa ne? Wa ya san iyakar shekarun da take yi? Autana mai shekara ɗaya da wata 10 yana Bodinga wurin yaye a gidan kakarsa, don haka bai kamu ba. In yi masa ko in bar shi?

Wata uwa daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara wa yaran lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Abin da ya fara tsayar da ni a wasiƙarki shi ne ƙirgar da kika yi. Na fi shekara 20 ina duba yara a garin nan, ba kasafai uwa take zuwa mini da adadin ƙurajen ɗanta ba. Yaron da ba a yi wa allura ba yakan fitar da ƙuraje 250 zuwa 500, ga zazzaɓi, ga ƙaiƙayin da ke hana barci. Wanda aka yi wa, idan cutar ta sami kafa ta shiga, yawanci ba ya kai 50, da yawansu ma ba sa ɗurar ruwa, sai ki ɗauka cizon sauro ne. Abin da kika gani ke nan a ɗakinki, yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya. Gaskiya ne yaron da ya kamu na biyu a cikin gida yakan fi na farko shan wuya, domin ya fi daɗewa yana shaƙar cutar, amma wannan kaɗai ba zai kawo tazara irin wadda kika faɗa ba. Kuɗinku ya yi aiki.

Maganar Alhaji maigidanki kuwa ba ta banza ba ce. Likitoci sun yi shekaru suna gardama a kanta, kuma yadda aka yi aka kai ga amsa shi ne abin da nake so ki ji.

Wani likita ɗan Japan, Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka, shi ya samar da allurar a 1974. Ya ɗebi ƙwayar cutar daga ƙurajen wani yaro, ya yi ta renonta a ɗakin gwaji har ta yi laushi, yadda za ta iya koya wa jiki faɗa ba tare da ta kayar da shi ba. Har yau jikokin wannan ƙwayar ne ake sa wa a kwalba. Amurka ce ta fara yi wa dukkan yaranta, a 1995, allura ɗaya kacal, irin wadda aka yi wa 'yarki. Kafin nan, kowace shekara kimanin mutum miliyan 4 ke yin ƙarambau a can, fiye da 10,000 su kwanta asibiti, 100 zuwa 150 su rasu.

Ranar da aka fara, babu wanda zai iya rantsuwa cewa allurar za ta yi shekara 10 ko 20 a jiki, domin ba a taɓa yi wa miliyoyin yara aka jira aka gani ba. Sai suka zaɓi wurare 3, Kwarin Antelope a Kalifoniya, da yammacin birnin Filadelfiya, da wata gunduma a Tekzas, suka ce a nan duk wanda ƙarambau ya fito wa sai an rubuta shi. Makarantu da gidajen renon yara da asibitoci suna kawo rahoto, ma'aikata suna kiran iyaye suna tambaya: an yi masa allura? Yaushe? Ƙuraje nawa? Ya yi zazzaɓi? Lissafin kansa ba shi da wuya. A matsayin misali, idan cuta ta shiga makaranta, cikin yara 100 marasa allura 50 suka kamu, cikin 100 masu allura 10 suka kamu, to allurar ta tare kashi 80 cikin 100 na waɗanda da sun kamu. Wahalar tana wurin dagewa, a yi ta wannan ƙirga shekara da shekaru, bayan kowa ya daina jin labarin a rediyo.

Bayan shekara 10 littafin Kwarin Antelope ya nuna abin da bai yi wa kowa daɗi ba. An buga sakamakon a 2007: yaran da allurarsu ta daɗe sun fi kamuwa, kuma a cikin 'yan shekara 8 zuwa 12, waɗanda allurarsu ta kai shekara 5 sun fi yin ciwo mai ɗan nauyi. Wannan ita ce maganar maigidanki. Amma a arewacin Kalifoniya ɗin dai, wata cibiyar kula da lafiya mai suna Kaiser Permanente ta ɗauki yara 7,585 da aka yi wa allurar a 1995, ta riƙa kiran iyayensu a waya duk wata 6 har shekara 14. Su abin da suka samu shi ne allurar tana tare kusan kashi 90 cikin 100, kuma ba su ga ƙarfinta yana raguwa ba. A cikin yaran da daga baya aka ƙara wa ta biyu, ba a sami ko ɗaya da ƙarambau ya fito wa ba.

Ga bincike biyu, kowanne na gaskiya, sun saɓa. Ni inda na tsaya shi ne bayanin da masana da yawa suka raja'a a kai: akwai yaran da tun ranar farko allura ɗaya ba ta kama jikinsu sosai ba, sai dai ba a gane ba, domin ba su haɗu da cutar ba sai bayan shekaru. Ranar da suka haɗu da ita a aji, sai a ga kamar allura ce ta tsufa. Ko ma wanne ne ya fi rinjaye, maganin ɗaya ne, kuma a 2006 Amurka ta mayar da allurar biyu: ta farko a wata 12 zuwa 15, ta biyu a shekara 4 zuwa 6. Da aka tattara binciken ƙasashe da yawa, allura ɗaya tana tare kimanin kashi 81 cikin 100 na kowane irin ƙarambau, biyu suna tare kashi 92. Mai tsanani kuwa, irin wanda ke kai yaro gadon asibiti, ko allura ɗaya tana tare kusan dukkansa. Bayan shekara 25 da farawa, ƙarambau ya ragu a Amurka da fiye da kashi 97 cikin 100. Waɗanda aka fara yi wa suna goye yanzu sun haura shekara 30, wasu da nasu 'ya'yan, kuma har yau ana ƙirga.

To 'yarki allura ɗaya ta samu, kuma da alama ba wanda ya ce muku ku dawo. Wannan yana ƙona mini rai. Sau da yawa uwa takan zo mini ta ce an yi wa ɗanta wata allurar kuɗi, in ce ina katin, sai ta ciro rasit kawai, babu sunan allura, babu lambar kwalba, babu ranar dawowa. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya tsira wa ɗansu allura, haƙƙi ne a kansa ya rubuta abin da ya yi.

Yanzu dai ba ta bukatar ta biyu, matuƙar likita ya tabbatar ƙarambau ne ta yi, kuma ciwon ƙanenta bayan sati biyu shaida ce mai ƙarfi. Cutar da kanta ta cika abin da allurar ta fara. Kada kuma wani ya sa ki biyan kuɗin gwajin jini don a ga ko allura tana nan. Gwajin da ake samu a yawancin wurare ba ya iya ganin garkuwar da allura ta bari, sai ya ce babu alhali akwai. Abu ɗaya da zan ƙara, don amfanin sauran iyaye: ƙarambau marar nauyi ma yana yaɗuwa. Yaro ya zauna a gida, babu boko babu islamiyya, har ƙurajen su bushe su yi ɓawo, ko kuma, idan irin marasa ruwan ne, har a kwana a wuni ba sabo da ya fito.

Game da Hajiya surukarki, a gaishe ta, a kuma fahimce ta. A zamaninsu abin da ido ya gani ke nan, kusan kowa sai ya yi, kuma mafi yawan yara suna warkewa. Ni abin da na gani a asibiti ne ya sa ba na iya kiransa ƙaramin ciwo. Na ga yaron da susa ta sa ƙurajensa suka yi ruwa, ƙafa ta kumbura har sai da aka tsaga. Wanda ba na mantawa wani magidanci ne, ɗan shekara 30 da 'yan kai, da ya kamu daga wurin 'yarsa. Ita tana tsakar gida tana wasa, shi muna fama da numfashinsa, domin cutar ta sauka masa a huhu. A ƙasashe masu zafi irin namu mutane da yawa sukan girma ba su yi ba, sai ya same su da girma, kuma a jikin babba da mai ciki da jariri sabon haihuwa ne yake nuna ƙarfinsa. Wanka da ruwa mai ɗumi ba ya mayar da ƙuraje ciki, a yi wa yaro, a yanke masa farce, a shafa maganin ƙaiƙayin nan kalamin, a ba shi farasitamol. Asfirin haramun ne ga yaro mai ƙarambau, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ibufurofen ma a bar shi. Ki duba kwalin duk abin da aka ba ki a kemis.

Kin tambayi wa ya san iyakar shekarun allurar. Duk alƙaluman da na kawo miki na wasu ƙasashe ne, kuma dalili a fili yake. Allurar ƙarambau ba ta cikin jerin riga-kafin da gwamnatin Nijeriya ke yi kyauta, sai a asibitocin kuɗi, kuma ba a bin sawun cutar gida gida. Ba don ba mu iya ba ne. Ki dubi shan-inna: a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan akwai jami'in sa ido kan cututtuka, kuma duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, za a je har ƙauyensu a ɗebi bayan gidansa sau biyu, a sa a ƙanƙara, a aika ɗakin gwaji. Da irin wannan naci aka kai ga shelar 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Ƙyanda da sanƙarau ma ana bin su. An bar ƙarambau a baya ne domin waɗancan sun fi shi kisa nesa ba kusa ba, kuma ban ga laifin wannan zaɓi ba.

Akwai kuma wani dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2014, ƙasar da za ta sa wannan allura cikin jerinta sai ta tabbatar za ta iya yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na yaranta, ta kuma ɗore a haka. Idan aka yi wa rabi aka bar rabi, cutar za ta rage yawo ba tare da ta tafi ba, sai waɗanda aka bari su tsallake ta suna yara, ta riske su suna manya, lokacin da ta fi haɗari. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran Jihar Sakkwato suka kammala alluran farko na kyauta, mafi ƙaranci a duk ƙasar. Duk lokacin da na tuna wannan adadi sai jikina ya yi sanyi. Kafin mu yi maganar ƙarambau ga kowa, akwai wannan ramin a gabanmu.

Amma wannan lissafin ƙasa ne, bai hana ke ki kare ɗanki ba. Shawarata game da auta: ki fara ɗauko katinsa ki tabbatar ya sami ta ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15 da sauran na kyauta. Idan sun cika, kuma kuɗin ba zai taɓa abincin gida ba, a yi masa, amma da niyyar biyu tun daga farko, da tazarar aƙalla wata 3. Idan kwanan nan aka yi masa ta ƙyanda ko ta shawara, a bari sati 4 su wuce. Ki kuma sa ido kan inda za a yi. Ƙwayar da ke cikin kwalbar mai rai ce, zafi yana kashe ta, tana son sanyin firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa kin san yadda Afrilu take a garin nan, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke tun safe. Ki tambaya ko firij ɗinsu na sola ne. Ki ce a ciro kwalbar a gabanki, ki duba ranar lalacewarta, a haɗa a yi nan take. Sannan a rubuta suna da lamba da kwanan wata a katinsa, ki ɗauki hoton katin a waya, ki ajiye shi inda kike ajiye takardun gida. Ni ina da wani littafi mai bangon kwali da nake rubuta duk mai ƙarambau da ya zo hannuna, da gurbin ko an yi masa allura. Da izininki zan sa 'yarki da ƙanenta a ciki, ba tare da suna ba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Gwadabawa. Mahaifina mai shekara 67 wasu ƙuraje masu ruwa sun fito masa a haƙarƙarin dama, sun zagayo daga baya zuwa ƙirji kamar an ɗaura masa ɗamara, yana cewa kamar ana zuba masa garwashi. A asibiti aka ce wai ƙarambau ɗin da ya yi yana yaro ne ya dawo. Yaya abin da ya wuce shekara 60 zai dawo? Kuma yaran da ake yi wa allura su ma haka za ta same su?

AMSA: Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Abin da aka gaya muku daidai ne. Ƙurajen ƙarambau suna warkewa, amma ƙwayar ba ta barin jiki. Takan laɓe a saiwar jijiyoyin da ke fitowa daga ƙashin baya, ta yi shiru shekara da shekaru. Idan tsufa ko wata cuta ta raunana garkuwar jiki sai ta farka, ta bi jijiya ɗaya ta fito fata. Shi ya sa take tsayawa a gefe ɗaya ba ta ƙetare tsakiyar jiki, shi ya sa kuma zafin yake kamar wuta, domin jijiyar kanta ce ke ciwo. Kimanin mutum 1 cikin 3 zai gamu da wannan a rayuwarsa. Maganin, wanda za ka ga an rubuta acyclovir a kwalinsa, ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Idan zafin ya ci gaba bayan fata ta warke, ku koma, akwai magungunan ciwon jijiya daban da na ciwon jiki. A rufe wurin da tufa mai tsabta, domin ruwan ƙurajen yana iya sa wa jikokinsa ƙarambau, musamman a nisanta shi da mai ciki da jariri. Wanda kuma ya fito wa a goshi ko kusa da ido, ranar ya kamata ya ga likitan ido.

Tambayarka ta biyu tana cikin manyan abubuwan da masu bin sawun allurar ke dubawa. Ƙwayar allurar ma tana iya laɓewa a jijiya, amma da yake mai rauni ce ba ta cika farkawa ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2019, wanda ya duba bayanan yara miliyoyi, ya samu cewa wannan ciwo ya yi ƙasa da kashi 78 cikin 100 a yaran da aka yi wa allura idan aka gwada da waɗanda ba a yi wa ba.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan daɗewa. Tun 1965 wani likitan Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya kawo ra'ayin cewa duk lokacin da babba ya zauna kusa da yaro mai ƙarambau, garkuwarsa tana samun tuni, sai ta ƙara danne ƙwayar da ke kwance a jikinsa. Idan haka ne, ranar da yara suka daina yi, ciwon irin na Baba zai ƙaru a cikin manya. Wannan tsoron yana cikin abin da ya sa Birtaniya ta ƙi sa allurar a jerinta shekaru masu yawa, ta zauna tana kallon Amurka. Da aka duba littattafan Amurka, sai aka ga ciwon yana ƙaruwa a manya tun kafin a fara allurar, kuma zuwanta bai ƙara masa gudu ba. A 2023 kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan riga-kafi ya sauya matsayi, ya ce a fara yi wa yara, sau biyu, a wata 12 da wata 18. Yadda waɗanda aka yi wa allura za su kasance idan sun kai shekarun Baba kuwa, masu ƙirga za su rubuta shi nan da shekara 30 da wani abu, idan yaran 1995 suka fara furfura.

Idan an koma asibiti, Malam, ka roƙa a auna wa Baba sukari, domin ciwon sukari yana cikin abubuwan da ke buɗe wa wannan ciwo ƙofa.